Dariyar Tsautsayi a Cikin Labaran Animorphs

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wani aibi wanda ya kan sami masu ƙaga labari, musamman waɗanda su ke rubuta wa samari da 'yan mata masu tasowa. Aibin kuwa shi ne, marubuci ya shirya wani wuri domin mai karatu ya ji tsoro ko tausayi, ya zuba iyakar ƙoƙarinsa a kai, amma ko da mai karatu ya iso wurin sai dariya ta kuɓuce masa. Masanan adabin Ingilishi sun daɗe da sanin wannan abu, gama tun a ƙarni na 18 mawaƙinsu Alexander Pope ya rubuta wata maƙala ta ba'a a kan mawaƙan da kan nufi sama su faɗo ƙasa. A nan zan kira shi dariyar tsautsayi, don a bambanta shi da dariyar gangan, watau wadda marubuci ya ɗana da hannunsa, ya kuma san inda za ta tashi.

Na zaɓi jerin littattafan nan na Amurka da a ke kira Animorphs don su zama abin misali. Dalili, ƙagaggen labarin kimiyya ne mai tsawo, an rubuta shi da gaske, an kuma gina shi a kan ƙa'idodi bayyanannu waɗanda za a iya auna marubuci da su. Abin da na ke so in nuna shi ne, dariyar tsautsayi ta kan taso ne a inda abin da kunne ke ji daga bakin mai ba da labari ya rabu da abin da idon zuci ke gani, kuma sau da yawa ƙa'idar da ta ba labarin ban tsoro ita ce dai ta ke ba shi ban dariya.

2. Labarin a taƙaice

K. A. Applegate ce ta ƙaga labarin tare da mijinta Michael Grant, kamfanin Scholastic kuma ya buga shi tsakanin 1996 da 2001. Littattafan da ke cikin ainihin jerin guda 54 ne, ban da waɗansu goma na gefe.

Ga yadda abin ya ke. Waɗansu halittu daga wata duniya, masu suna Yeerk, sun shigo duniyarmu a ɓoye. Siffarsu kamar ta matsattsaku ce. Su kan shiga ta kunnen mutum su naɗe ƙwaƙwalwarsa, su mallaki harshensa da gaɓoɓinsa, shi kuwa yana ciki yana gani, ba shi da ikon ko ƙifta ido. Wani jarumi mai suna Elfangor, daga jinsin Andalite masu gāba da Yeerk, ya faɗo da jirginsa a wani kangon gini. Kafin a kashe shi ya ba yara biyar, Jake da Rachel da Cassie da Marco da Tobias, ikon rikiɗa su zama kowace dabba da suka taɓa da hannu. Daga baya ƙanensa, wanda yaran ke kira Ax, ya zama na shidansu. Ikon yana da sharaɗi: wanda ya wuce sa'a biyu a cikin siffar dabba, ya zauna a cikinta ke nan. Tun a littafi na farko wannan ya sami Tobias, ya zama shaho.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne kawai. A cikin labarin akwai yaƙi da kisa da mafarkin tsoro, har a littafi na 53 Jake ya ba da umurni aka zubar da Yeerk fiye da 17,000 cikin sararin sama suka mutu, ba su da makami, a na 54 kuma Rachel ta rasa ranta. Nauyin nan shi ya sa wuraren da labarin ya yi tuntuɓe su ke fitowa fili ƙwarai.

3. Dariyar gangan

Kafin a zargi marubuci, wajibi ne a ware abin da ya yi da niyya. Applegate ta iya ban dariya, ta kuma zuba shi da yawa. Jinsin Andalite ba su da baki, da kofato su ke cin ciyawa. Saboda haka duk sa'ad da Ax ya rikiɗa ya zama mutum, sai ya ruɗe da ɗanɗanon abinci, ya kuma riƙa maimaita gaɓoɓin kalmomi yana wasa da su kamar jariri mai koyon magana. Wanda ya karanci ilmin furuci zai ji daɗin wannan, gama an nuna masa halittar da ta tarar da leɓe da harshe da rana tsaka. Haka nan a littafi na 9, wata dabba mai wari irin bodari ta fesa wa Visser Three, babban kwamandan Yeerk, ruwanta, yaran kuma suka yaudare shi ya yi wanka da ruwan inabi. A na 14 kuwa, asirin da sojan Amurka ke tsaro a wani sansani na hamada ya tashi a kan masai ne na jirgin Andalite. Duk waɗannan dariyar gangan ce. Marubuciya tana dariya tare da mu, ba mu da abin cewa sai madalla.

4. Inda murya ta rabu da siffa

Kusan kowane littafi ɗaya daga cikin yaran ne ke ba da labarinsa da bakinsa. Wannan dabara tana sa mai karatu ya shiga cikin zuciyar yaron, ya ji abin da ya ke ji. Amma mai karatu yana da wani ido na biyu wanda ke tsaye a waje yana kallon wurin, kuma wannan idon ba ya bin umurnin marubuci.

Misali na farko shi ne na tufafi. Ƙa'idar rikiɗa ta ce ba abin da ke bin mutum cikin rikiɗarsa sai tufar da ta manne wa fata. Takalmi ba ya bi, riga mai faɗi ba ta bi. To, sau da yawa bayan an gama faɗa mai tsanani, yaran sun koma siffarsu ta mutane, sai a tsaya ana muhawara a kan ko halal ne a kashe wanda Yeerk ya mallaka, tun da shi kansa bawa ne marar laifi. Magana ce mai nauyi, irin wadda malaman shari'a za su kwana a kanta. Amma idon waje yana ganin 'yan makaranta tsaye a bayan gari, ba takalmi, cikin matsattsun kayan motsa jiki, ɗayansu kuma tsuntsu ne a kan reshe. Murya ta alƙalai ce, siffa ta 'yan wasan tsalle-tsalle.

Misali na biyu ya fi wannan wuya, domin wurin yana da kyau ƙwarai. A littafi na 3 Tobias ya kama ɓera ya ci a karo na farko, ya gane mutuntakarsa tana zamewa daga hannunsa. Ya firgita, ya tashi ya kutsa cikin babban ginin kantuna inda Rachel ke wasan motsa jiki a gaban jama'a, ya nufi gilashin rufi da nufin ya halaka kansa, sai Marco ya jefi gilashin da ƙwallo ya fasa, ya sami hanyar fita. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai karanta wannan zuciyarsa tana dukan uku-uku, kuma yana da gaskiya. Amma a cikin littafin nan dai an gaya mana Tobias yana jin wani abu game da wata macen shaho, wadda wani dillalin motoci ya tsare a keji don talla, alhali kuwa akwai ƙauna tsakaninsa da Rachel. Watau yarinya ta sami kishiya tsuntsuwa. Marubuciya ta nufi ta nuna yadda halin dabba ke cin halin mutum, kuma ta nuna. Sai dai babba in ya faɗi abin da bakinsa a fili, da wuya ya kai ƙarshen jimlar bai murmusa ba.

A nan akwai abin lura ga masu nazarin harshe. Sa'ad da yaran ke cikin siffar dabba, da zuci su ke magana, a kan kuma rubuta maganar a tsakanin waɗansu alamu masu kusurwa maimakon alamun zance da aka saba. Maganar zuci ba ta da rawar murya, ba ta da haki, ba ta canjawa da girman jiki. Ƙuda da giwa da harshe ɗaya su ke magana, na ɗan makarantar Amurka. Bahaushe ya ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A nan jiki ya sake sarai, harshe bai motsa ba, shi ya sa kyankyaso ya kan yi jawabin bankwana da kalmomin da jarumi zai yi a fagen fama.

5. Kunu da ɓauna

Wani lokaci marubuci ya kan san abu abin dariya ne, ya yi dariyar, sa'an nan ya ce wa mai karatu, to, yanzu a natsu. Amma dariya ba baiwa ba ce da za a sallame ta ta tafi.

A littafi na 17, na 1998, yaran sun gano wani irin kunun kanti, wanda a ke damawa da ruwan zafi nan take, mai citta da zaƙi, yana kama Yeerk kamar yadda ƙwaya ke kama mashayi. Wanda ya sha ya kan haukace, ya kuma daina bukatar fitowa daga kan mutum kowane kwana uku kamar yadda sauran ke yi. Ma'ana, mutumin da ke ɗauke da shi ya zauna da mahaukaci a cikin kansa har mutuwa. Littafin ya buɗe da wani bawan Allah da ya faɗo daga dogon bene saboda wannan azaba. Yaran da kansu sun yi ta ba'a a kan makamin, wannan gangan ne. Amma daga nan sai aka shiga muhawara ta gaske: ko ya halatta a yaƙi abokin gāba da abin maye, alhali bayinsa za su sha wahalar tare da shi? Tambaya ce wadda tarihin yaƙe-yaƙe ya sani sarai. Abin da ya ɓata ta shi ne, kowace jimla ta muhawarar dole sai kalmar kunu ta fito a cikinta. Kalma tana da nauyin da ta ɗauko daga inda aka saba jinta, wannan kuwa daga teburin karin kumallo ta fito, ba ta iya ɗaukar kayan da aka ɗora mata.

Littafi na 39, na shekarar 2000, shi ne ya fi kowane shahara a wannan fanni. Wata ɓauna ta taɓa akwatin nan shuɗi mai ba da ikon rikiɗa, ta kuma taɓa Chapman, mataimakin shugaban makarantar yaran, wanda Yeerk ke mallaka. Sai ɓauna ta fara rikiɗa tana zama Chapman, wani lokaci rabi da rabi, jikin dabba da fuskar malami. Cassie, mai ba da labarin, ta shiga damuwa mai zurfi: dabbar da ta sami ƙwaƙwalwar mutum, ta fara koyon furuci, kashe ta kisan kai ne ko kuwa? A cikin littafin nan dai wata tururuwa ta rikiɗa ta zama Cassie, ta yi ta kururuwa don ta rasa inda za ta sa kanta.

Tambayar Cassie tambaya ce ta falsafa, ba ta da aibi ko kaɗan. Aibin yana wajen zaɓen fuska. Da ɓaunar ta ɗauki siffar wani baƙo wanda ba mu sani ba, da tausayi ya rinjaya. Amma an ba ta fuskar hukumar makaranta, mutumin da ke tsare ɗalibai a ofis. Ba ɗalibin da ya taɓa zama a aji, a Amurka ko a ko'ina, da zai ga mataimakin shugaba da kofato huɗu yana gurnani a jeji, ya tuna da falsafa. Bafaranshen nan Henri Bergson, a littafinsa na 1900 a kan dariya, ya lura cewa dariya tana bukatar zuciya ta ɗan yi sanyi daga tausayi na ɗan lokaci. Fuskar Chapman ita ce ta kawo wannan sanyin a daidai wurin da a ke bukatar zafi.

6. Abin da maimaici ya jawo

Akwai wani irin tsautsayi wanda ba a cikin littafi ɗaya ya ke ba, sai an jera su da yawa ya ke bayyana. An riƙa fitar da littattafan nan kusan kowane wata, daga wajen na 25 kuma yawancinsu waɗansu marubuta ne na haya suka rubuta bisa tsarin da Applegate ta ba su. Kowane littafi dole ya tsaya da ƙafarsa don wanda ya fara daga tsakiya, dole kuma ya bar yaƙin bai ƙare ba don a sayi na gaba.

Abu na farko da wannan ya haifa shi ne buɗewa. Kusan kowane littafi ya kan fara da mai ba da labari ya faɗi sunansa na yanka, sa'an nan ya ce ba zai faɗi sunan gidansu ko garinsu ba, don kada Yeerk su gane shi. A karo na farko wannan yana sa tsigar jiki ta tashi. Amma mai ɓoyon nan shi ne zai ci gaba ya gaya mana sunan mataimakin shugaban makarantarsu, da cewa iyayen Cassie likitocin dabbobi ne, uban yana jinyar namun daji a rumfar gonarsu, uwar tana aiki a gidan namun daji na garin, da cewa wan Jake mai suna Tom yana hannun abokan gāba. An rufe ƙofa da kwaɗo, an bar katanga a rushe. Ɗan sandan ciki mafi lalaci zai kamo su kafin azahar.

Abu na biyu shi ne Visser Three. An gabatar da shi da ban tsoro na ainihi, gama a littafi na farko ya rikiɗa ya zama dodo ya cinye Elfangor da rai a gaban yaran. Amma tsarin jerin bai yarda ya ci nasara ba, bai kuma yarda ya mutu ba. Saboda haka littafi bayan littafi sai ya zo da sabon dodo daga wata duniya, ya yi alkawarin halaka, yaran su zille, ya huce a kan na ƙasa da shi. Ya kuma tsaya kai da fata cewa mayaƙan Andalite ne ke damunsa, ba a tabbatar mutane ne ba sai a littafi na 49. Bergson ya ce abin dariya shi ne a ga mai rai yana aiki kamar inji. Mugun da ya yi rantsuwa ɗaya sau arba'in ya zama inji, mai karatu kuma ya san ƙarar da zai yi kafin a murɗa shi.

7. Inda ba a yi tuntuɓe ba

Don a tabbata ba ita rikiɗar ce ke da laifi ba, sai a dubi wurare biyu da aka yi da kayan aiki iri ɗaya amma suka tsaya daram.

A littafi na 22 yaran sun yanke wa David hukunci, wani yaro da suka ba ikon rikiɗa ya ci amanarsu. Suka yaudare shi ya zama ɓera, suka kulle shi har sa'a biyu ta cika, sa'an nan suka kai shi wani tsibirin dutse suka bari. Yaro a jikin ɓera yana roƙo, a faɗe kamar abin dariya ne. Amma ba mai dariya, domin abin da kunne ke ji da abin da ido ke gani sun zama ɗaya: ƙaramin abu marar ƙarfi yana kuka a cikin akwati.

A littafi na 23 an kira Tobias ofishin lauya, ya je a siffar mutum, aka karanta masa wasiƙar da ta bayyana Elfangor ne mahaifinsa. Visser Three yana zaune kusa da shi a siffar wata mace da ta ce 'yar'uwarsa ce, yana jiran ya ga ko fuskarsa za ta motsa. Ba ta motsa ba, gama zaman da ya yi a jikin shaho ya mantar da shi yadda a ke nuna abu a fuska. Mai neman abin dariya zai samu, kwamandan rundunar mamaya ya bar aikinsa yana zaman otal a siffar mace. Amma marubuciya ta sa ita rikiɗar ta zama maƙasudin wurin, hasarar yaron ita ce ta cece shi, saboda haka idon waje bai sami abin da zai tsinta ba wanda murya ba ta riga ta ɗauka ba.

8. Abin da malami da marubuci za su ɗauka

Rikiɗa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tatsuniyoyinmu cike su ke da dodo da ya zama saurayi ya auri budurwa, da mutum da ya zama kura da dare. Amma ba yaron da ya taɓa tambayar kakarsa ina rigar mutumin ta shiga sa'ad da ya zama kura, domin tatsuniya ba ta yi alkawarin ba da dalili ba. Labarin kimiyya kuwa ya yi wannan alkawari. Ya ce sa'a biyu, ya ce kwana uku, ya ce tufa mai mannewa. Da ya faɗi haka ya ta da hankalin mai karatu daga barci, hankalin da aka tayar kuwa ba ya komawa ya kwanta don an iso wurin kuka. Wannan ya shafi duk mai son ya bi hanyar da Umaru Dembo ya bi da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, ya rubuta wa yaranmu labarin sararin sama da Hausa. Kowace ƙa'ida da ya kafa bashi ce, za a zo karɓa a ranar da bai shirya ba.

Shawarata ga irin wannan marubuci ita ce, in ya gama rubuta wurin da ya ke so a yi kuka, ya ajiye alƙalami ya faɗa wa wani abin da ke faruwa a wurin cikin jimla ɗaya, ba ado, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali: wa ke tsaye, me ya sa a jikinsa, me ke hannunsa. In mai sauraro ya murmusa, to, sai a gyara siffar, ko kuwa a bar mai ba da labarin ya ga abin da mu ke gani ya ambace shi da kansa.

Ga malaman kwalejojin horon malamai kuma, in ɗalibi ya yi dariya a wurin da littafi ya nufi tausayi, kada a yi saurin tsawata masa. A tambaye shi me ya gani. Sau da yawa za a tarar ya karanta da kyau ne, ya hango abin da marubuci ya manta ya duba, kuma daga amsarsa za a iya koya wa aji duka bambancin muryar mai ba da labari da abin da labarin ke nunawa. A tuna kuma da shekarun mai karatu. Yaron da aka rubuta wa Animorphs yana karatu ne daga cikin zuciyar Tobias, babba kuwa ya kan tsaya a ƙofa yana leƙe. Hukuncin babba ba ya soke na yaro, tun da shi aka yi wa littafin, kuma littattafan da suka iya sa yara tunanin halal da haram na yaƙi har tsawon shekara biyar sun cancanci a yafe musu ɓauna ɗaya.